Tani Mai Ƙirgar Ƙwari

Shekara huɗu ke nan da Inna Tani ta baro Unguwar Lalle ta dawo cikin garin Sabon Birni, gidan ɗanta na fari, Kamaluddeen, mai gyaran babura a bakin tasha. Ba ta kiran sunansa, don kunyar ɗan fari. "Maigidan nan" take cewa, ko yana zaune a gabanta. Gidan na bulo ne, an shafe tsakar gida da siminti tas, abin da matarsa Halimat ke so ke nan, don shara ba ta yi mata wuya. Ita kuwa Tani, da ta shekara hamsin hannunta na cikin ƙasa, sai da ta roƙa aka bar mata wani ɗan lungu bayan ɗakin girki, ta shuka kabewa. Kowace damina kabewar sai ta yi yaɗo ta haye rufi, ta yi fure jingim, sannan furen ya zube ba ɗa ko ɗaya. Tani ta canja iri, ta sa an kawo mata taki daga ƙauye, daga baya ta ce ƙasar birni ce ba ta da albarka, ta haƙura.

Wata Asabar a farkon damina, ana tsakiyar karatu a makarantar Islamiyya ta matan aure da Tani ke zuwa, sai ga Malama Mu'minatu ta shigo da jaka a kafaɗa. Ita ce ke koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata ta garin, kuma kusan kowa a ajin ya san ta tun tana yarinya. Ta gaishe su, ta ce taimako ta zo nema. Wata malamarta ta jami'a a Sakkwato tana son ta san ko zaman gari, da simintinsa da hayaƙinsa da maganin feshi da sare itatuwa, yana rage ƙwarin da ke sauka kan furanni. Malamar jami'ar ba za ta iya shiga gida-gida ba, shi ya sa take neman mutanen gari su zama idanunta. Kowace mace za a ba ta irin kabewa, iri ɗaya da na kowa. Idan ya yi fure, sai ta zauna gabansa da hantsi, minti goma, ta ƙirga duk ƙwaron da ya sauka.

Ajin ya kaure da dariya. Habi, wadda aka sani da ƙara wa labari gishiri, ta ce in da sauro za a ƙirga, to a rubuta mata dubu tun yanzu a huta. Tani ba ta yi dariya ba. Ta tambayi malamar abin da ya haɗa ƙwari da kabewa.

Mu'minatu ta ce ai Inna ta fi ta sanin furen kabewa kala biyu ne: akwai namiji mai siririn wuya, akwai mace mai ɗan ƙullutu a gindi. Tani ta ce wannan kam ta sani tun kafin a haifi malamar. To, garin nan rawaya da ke cikin namijin, in ji Mu'minatu, sai ya kai ga macen kafin ƙullutun ya zama kabewa, kuma ba mai kai shi sai ƙudan zuma da 'yan uwansa.

Tani ta tuna gonar mijinta marigayi, inda da safe ba ka jin komai sai gunjin ƙudan zuma.

"Ashe 'yan aike na," ta ce. "To ba ni iri, ɗiyata. Za ni ƙirga."

Mata ashirin da uku suka karɓi iri a ranar.

Da fure ya fara fita, sai wata matsala ta taso. Tani ba ta rubutun boko, takardar da aka raba kuwa duk layuka ce da gidaje. Ta ajiye takardar, ta samo murfin kwano huɗu ta jera a gabanta. Ƙudan zuma ya sauka, ta jefa ƙwayar wake a murfin farko. Ƙuda na gida, tsakuwa. Malam-buɗe-littafi, ƙwallon dabino. Wanda ba ta san sunansa ba, gyaɗa. Halimat ce ke saita mata waya ta yi ƙara in minti goma ta cika, daga baya ta zo ta cike takardar. Kwana na biyu, kafin Halimat ta gama wanke-wanke, kazar maƙwabta ta shigo ta tsince waken da gyaɗar, ta bar tsakuwa. Tani ta bi ta da tsintsiya har zaure tana cewa ta cinye aikin jami'a. Daga ranar ta koma kife faifai a kan murafan.

Ko ba kaza, waken bai da yawa. Wata rana biyu, wata rana ɗaya, wata rana babu. Tsakuwa ce ke cika murfi. Duk da haka zaman ya shiga ranta. Ta gano ƙudan zuma na fitowa kafin rana ta yi zafi, ta gano akwai wani ƙuda mai shigar ƙudan zuma da ke tsayawa cak a iska kamar an rataye shi da zare. Kamaluddeen, in zai fita aiki, sai ya tarar da ita a kan 'yar kujera ta zuba wa fure ido, ya gaishe ta, ta ɗaga masa hannu ya yi shiru kada ya kore mata baƙi.

Bayan mako uku suka taru. Mu'minatu ta zana garin a kan allo: ga kasuwa, ga tasha, ga babban masallaci, ga hanyar gulbi. Ta rubuta adadin kowace mace, ban da ƙuda na gida, a inda gidanta yake. Ko wadda ba ta iya karatu ba ta ga abin. Gidajen bakin gari, wajen fadama, suna da goma sha biyar, ashirin. Ana matsowa ciki abin na raguwa, har a zo unguwar tasha inda Tani take da biyu. Sai gida ɗaya tal a tsakiyar gari, tsakanin masu uku da masu huɗu, da aka rubuta masa talatin da ɗaya. Gidan Habi ne.

Aka yi mata ca. Wata ta ce ko dai da sauron ta haɗa. Wata ta ce Habi ko jikokinta ta ƙirga sai ta ƙara biyu. Habi ta yi dariya da farko, amma da abin ya yi yawa sai fuskarta ta canja, ta rantse cewa wannan karon ba ta ƙara ko ɗaya ba. Mu'minatu ta ce ba a zubar da ƙirgen mutum don ya bambanta da na saura, sai dai a je a duba. Tani ta ce ita za ta je.

Washegari ta ɗauki murafanta a leda ta tafi. Gidan Habi tsohon gida ne na ƙasa, kabewarta na kwance a gindin katanga. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Kafin minti biyar gyaɗar Tani ta ƙare, ta koma tsinke tsintsiya tana karyawa. Ƙudan zuma da aka sani ba su fi shida ba. Sauran wasu ne gajeru masu ƙiba, da ratsi-ratsi mai ruwan shuɗi a ciki, suna shiga fure da gudu su fito jikinsu duk gari. Da waya ta yi ƙara suka ƙirga: talatin da shida.

"Kin gani ko?" in ji Habi. "Har rage mani anka yi."

Tani ta ce ta gani, kuma za ta faɗa a gaban kowa. Amma hankalinta na kan wani abu daban. Ta lura duk wanda ya tashi daga fure, gefe ɗaya yake yi, ya tsallake katanga. Ta tambayi abin da ke bayan katangar, Habi ta ce makarantar allon Malam Sammani ce. Tani ta gyara mayafi ta zagaya ta lungu.

Katangar makarantar ta girmi kowa a unguwar. Ta gefen gabas, inda rana ke fara bugawa, duk jikinta ƙananan ramuka ne kamar an bi ta da tsinke, kuma ƙwarin nan masu ratsi suna shiga suna fita, kowanne da nasa rami. Tani ta daɗe tsaye tana kallo, daɗi ya cika ta kamar ta tsinci abin da ya ɓace mata. Da ta juyo sai ta ga tarin bulo da yashi a ƙofar zaure.

Malam Sammani ɗan gwaggonta ne, don haka taubashinta ne, tun suna yara suke wasa. Yana zaune kan buzu a zaure, ya hango ta tana leƙen katangarsa, ya ce yau kuma tsufa ya kai Tani ga gaida bango. Ta durƙusa suka gaisa yadda ya kamata, ta tambayi iyali, sannan ta tambayi bulon. Ya ce tsofaffin ɗalibansa ne suka haɗa kai za su rushe katangar ƙasa su yi ta zamani, ranar Lahadi magina za su fara.

Tani ta kwashe labarin duka ta faɗa masa, tun daga irin kabewa har zuwa gyaɗar da ta ƙare. Ya saurara yana murmushi. Da ta gama ya ce ya ji, amma ta zo ta ga wani abu. Ya kai ta gefen da ke kallon hanya, ya nuna mata inda katangar ta karkata, ta tsage tun daga sama har ƙasa. A gindin nan yara ke zama da allunansu.

"In ta hwaɗo bisa ɗiyan mutane, mi za ni ce ma iyayensu? In ce ƙwarin Tani nika tsaro?"

Tani ta dubi tsagar, ta san gaskiya ya faɗa. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, kafin Lahadi ya ba ta minti goma, ya zauna ya gani da idonsa. Ya ce ai ko don ya samu abin tsokanarta da shi har ƙarshen shekara, zai zauna.

Da hantsin Alhamis, ranar da ba karatu, ta dawo tare da Mu'minatu. Aka shimfiɗa wa Malam buzu a lungu, daura da katangar gabas. Tani ta miƙa masa murfi da wake, ya ce ta riƙe kayan miyarta, ya ciro carbinsa. Da farko yana ja yana zolaya. Can sai zolayar ta tsaya. Ya matsa kusa, ya gyara tabarau, ya ga ɗaya daga cikin masu ratsin ta dawo ƙafafunta ɗauke da gari rawaya, ta yi shawagi ta wuce ramuka biyar ta shiga na shida ba tare da ta yi kuskure ba. Ya tambayi Mu'minatu ko suna harbi. Ta ce da wuya, sai in an damƙe su. Ba su da saƙa ko sarki da za su tsare, kowace mace ita kaɗai ke haƙa raminta ta tara wa 'ya'yanta abinci ta toshe. A jikin bulo da siminti ba sa iya haƙawa. Waya ta yi ƙara, Malam bai ji ba, sai da Tani ta ce lokaci ya cika.

"Shekara arba'in ina karantarwa a gindin wagga katanga," ya ce, "ban san ina da maƙwabta haka ba."

Ya aika aka kira Bawa magini. Bawa ya bubbuga katangar gabas da guduma, ya ce wannan gefen da sauran ƙarfinsa, in an yi masa dogari biyu na ƙasa da za su tokare shi, aka gyara masa kai, zai ƙara shekaru. Na bakin hanya kam ba makawa sai ya sauka. Malam ya ce to haka za a yi: gefe uku bulo, gefen gabas a bar wa masu shi. Ya ce wa Tani kada ta ɗauka don ita ya yi, bulon ne dama bai kai ba. Ta ce ta sani, tun yana yaro bai taɓa yin alheri ya yarda alheri ya yi ba.

Ranar Lahadi da aka rushe gefen hanya, aka tarar shi ma akwai ramuka a wasu wurare. Mu'minatu ta ce ba ta da tabbacin za su rayu in an ɗauke su, amma gwadawa ta fi a zuba su a kwata. Bawa ya yanko manyan ɓaraguzai a hankali, aka loda a baro, mata bakwai suka raba. Tani ta shigo gida da nata guda biyu daidai lokacin da Halimat ta gama wanke tsakar gida. Halimat ta dubi baron, ta dubi simintinta.

"Inna, wanga kuma mi na?"

"Baƙi na. Ba su cin tuwo, kwantar da hankalinki."

Da Kamaluddeen ya dawo cin abincin rana, ya zagaya ɓaraguzan sau biyu, ya ce shi da ya yi ta fama ya fitar da ƙasa daga gidan nan, ga shi an dawo masa da ita a baro. Tani ta ce, ba tare da ta dube shi ba, a gaya wa maigidan nan a ɗakin ƙasa aka haife shi. Ya yi dariya, ya ɗauko tsohon kwanon rufi daga shago ya yi wa ɓaraguzan rumfa don kada ruwa ya narkar da su. Halimat ma ta yarda ta daina fesa maganin sauro a tsakar gida da bayan ɗakin girki, ta tsaya ga ɗakuna da gidan sauro.

Ba a ga canji nan take ba. Mako guda waken Tani na nan a biyu, uku. Ganin damina na tafiya, Mu'minatu ta koya mata dabara: ta tsinko furen namiji da sassafe, ta cire masa ganye, ta goga kansa a cikin macen. Tani ta yi wa fure biyar haka tana cewa da tsufanta an mayar da ita ƙudan zuma. Uku suka kama. A mako na uku masu ratsin suka fara bayyana, ƙirgenta ya hau bakwai, wata rana tara. Ko daga ɓaraguzan suka fito, ko barin feshin ne, ko daga wani wuri suka zo, ba wanda ya iya cewa. A gidaje uku cikin bakwai ɗin, ba abin da ya canja ko kaɗan. Kabewa ta farko da ta nuna, Tani ta raba ta biyu, ta aika wa Malam Sammani rabi, ya aiko cewa ta yi daɗi amma ta gidan Habi ta fi.

Da kaka ta yi, malamar jami'ar ta turo saƙon murya, aka kunna a aji. Ta gode musu, ta ce damina ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, sai an maimaita shekara biyu ko uku. Amma zancen katangar ƙasa, ta ce, ba ya cikin tambayoyinta da farko, yanzu ta ƙara shi: kowace mai ƙirge za ta riƙa faɗin ko akwai ginin ƙasa kusa da ita. Ta kuma roƙi a tura wata ta je garin Isa ta nuna wa matan can dabarar murafai, don da yawansu takardar ta gagare su. Habi ta ce ita ta dace ta je tunda ita ce ta ɗaya. Ajin ya ce in Habi ta je, kafin ta dawo ƙwarin sun zama ɗari uku. Aka zaɓi Tani.

Suka tafi ita da Mu'minatu wata Laraba da hanya ke lafiya, motoci na tafiya a jere. A Isa mata kusan arba'in suka taru a wani gida. Tani ba ta taɓa magana a gaban taro ba, don haka ba ta tsaya yin jawabi ba, ta zauna ƙasa ta jera murafanta, ta ce kowa ya matso. Wata tsohuwa ta ce su a nan ba dabino, da me za su ƙirga malam-buɗe-littafi? Tani ta ce ƙwallon magarya ma ya yi, ba aya aka saukar ba. Suka yi ta tambaya har azahar ta kusa, aka cika su da fura da soyayyen kifin gulbi.

A tasha, suna jiran mota ta cika, Tani ta hango soso ya yaɗu a kan zanar wani mai shayi, furensa rawaya a buɗe. Wani ƙaton ƙwaro baƙi mai rawayan ƙeya yana bin furannin ɗaya bayan ɗaya, gunjinsa kamar ƙaramin babur. Ba ta taɓa ganin irinsa a ƙirgenta ba. Ta ce wa Mu'minatu ta ɗauki hotonsa ta kuma saita waya, ta ja bencin mai shayi ta zauna.

Minti huɗu da farawa mota ta cika. Direba ya danna ham, ya sake dannawa, ya leƙo ya ce Hajiya ta taso a tafi. Mu'minatu ta je ta ba shi haƙuri, ta yi masa bayani a gurguje. Wani fasinja mai buhun barkono ya sauko ya ga abin da tsohuwar ke kallo, wani ya biyo shi. Mai shayi ya ce ai kullum suna nan, wani lokaci har huɗu, a cikin azarar rumfarsa suke kwana. Mai barkono ya ce ga wani can ya sauka, Tani ta ce ta gan shi, kada ya nuna da hannu. Direba ya kashe mota ya fito yana ƙunƙuni, ya tsaya a bayansu ya harɗe hannu.

"Wancan na sama kin sa shi?" ya tambaya bayan ɗan lokaci.

"Na sa shi."

"To ga wani nan ta ƙasa, kusa da buta."

Tani ta jefa gyaɗa a murfi. Da waya ta yi ƙara ta zuba abin da ta tara a gefen mayafi ta ƙulle, ta yi wa mai shayi godiya, ta ce in ya yarda za a kawo masa iri baɗi. Ya ce a kawo. Direba ya buɗe mata gidan gaba, ya mayar da mai barkono baya, suka kama hanyar Sabon Birni.